Ina kuɗin sauyin yanayin da ake ta yi mana alkawari suke shiga?

Ɗan'uwa, ka ce duk ƙarshen shekara kana jin manyanmu sun ɗunguma taron sauyin yanayi, a rediyo a ce an ware biliyoyin daloli domin ƙasashe masu tasowa, amma a garinku ruwa na cin gidaje duk damina, shuka na ƙonewa a tsakiyar Yuli, kuma ko kwanon iri ba ka taɓa ganin an kawo da sunan waɗannan kuɗi ba. Shine kake tambaya wai kuɗin nan akwai su kuwa, ko dai yawon kashe kuɗin gwamnati ne kawai. Na daɗe ina aikin gyaran ƙasa da manoma, na kuma sha zama a kan takardun neman irin wannan kuɗi, toh bari in faɗa maka yadda abin yake.

Kuɗin akwai su. Sai dai ba su kai yadda ake faɗa ba, mafi yawansu bashi ne, kuma hanyar da suke bi kafin su iso ƙauye doguwa ce ƙwarai. Amma kafin in shiga lissafi ina so mu gyara kalma ɗaya, kalmar taimako, don ita ce ke sa mu yi ta godiya a inda ya kamata mu tsaya mu nemi haƙƙinmu.

Hayaƙin da ke ɗumama duniya, wato iskar kabon da ke fita in an ƙona kwal da fetur da gas, ba ya wucewa yau ko gobe, taruwa yake a sama shekara da shekaru. Tun da Ingila ta fara juya masana'antunta da kwal ake tara shi. In ka haɗa duk abin da aka tara, Amurka kaɗai ta zuba sama da kashi 20 cikin 100. Afirka kuwa gaba ɗayanta, da mutum sama da biliyan 1, abin da take fitarwa a shekara bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa ya ninka na ɗan Nijar ɗaya fiye da sau 100. Mu mun saba cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, to a nan wani ne ya ɗebo, bakin wani ke ƙuna. Kuma ba mu ne muka ƙirƙiro wannan maganar don neman a tausaya mana ba, a rubuce take cikin yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka sa wa hannu a Riyo ta Brazil a 1992, cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba, waɗanda suka fara ɓatawa kuma suka yi arziki da ɓarnar su za su ja gaba, su kuma ba da kuɗi da fasaha. Daga wannan yarjejeniya aka samo taron shekara-shekara da kake ji ana ce wa COP.

Adadin farko da aka furta da baki shine na Kofenhagen a 2009, dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020. 2020 ta zo ba a cika ba, abin ya tsaya a wajen biliyan 83. Sai daga baya ƙungiyar OECD, wadda kulob ne na ƙasashe masu arzikin da kansu, ta ce a 2022 an kai kusan biliyan 116. Toh a nan ne ake yi mana rufa-ido, don in ka buɗe lissafin za ka tarar kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da gwamnatoci da bankunan raya ƙasa suka bayar rance ne, kuma ana ƙirga shi cif kamar kyauta, wato in an ranta maka dala 100 wadda za ka biya da ruwa, a takarda an rubuta an ba ka dala 100. Ƙungiyar agaji ta Oxfam da ta cire abin da za a mayar, ta kuma tace ayyukan da aka laƙa musu sunan yanayi alhali ba su da alaƙa sosai, ta tarar ainihin tallafin 2020 bai wuce wajen biliyan 21 zuwa 24 ba. Ka ɗauka maƙwabcinka ya saki wuta a gonarsa ta tsallako ta cinye maka rumbu, da ka je masa sai ya auno maka hatsi ya ce in kaka ta yi ka maido masa da ƙari, kuma ya bi gari yana faɗin alherin da ya yi maka. Wallahi haka abin yake, ban ƙara gishiri ba.

Sai kuma batun me ake kashe kuɗin a kai, wanda ni a wajena ya fi yawan kuɗin muhimmanci. Aikin yanayi kashi uku ne. Akwai rage hayaƙin, kamar kafa tashar sola a madadin ta kwal. Akwai daidaita rayuwa da yanayin da ya riga ya sauya, wato iri mai saurin nuna, magudanan ruwa, gyaran dam, noman rani, hasashen damina da zai isa kunnen manomi kafin ya yi shuka. Sannan akwai biyan asarar da ta riga ta faru wadda ba dabarar da za ta hana. Mu abin da ya fi damunmu na biyu da na uku ne, amma kuɗi na farko yake bi, saboda tashar lantarki tana sayar da wuta ta biya bashinta, shi kuwa kwalbatin da ya hana ruwa shiga unguwa ba ya kawo wa mai zuba jari ko sisi duk da ya ceci gidaje 500. Cikin biliyan 116 ɗin nan, abin da ya tafi ɓangaren daidaita rayuwa wajen biliyan 32 ne, alhali hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta buƙatar ta haura biliyan 200 a shekara. Kuma ko a na rage hayaƙin ma, kuɗin ƙasashe masu ɗan ƙarfi yake nufa irin su Indiya da Indonesiya da Masar da Maroko, inda aka tabbatar za a iya biya. Chadi da Nijar da suka fi kowa shan wuya su ne a ƙarshen layi.

Maganar asara da ɓarna ita ce ta fi ba ni ciwo. Wata 'yar ƙaramar ƙasar tsibiri a tekun Fasifik, Vanuatu, ita ta fara kawo ta tun 1991. Shekara 30 ana kakkauce mata, don manyan ƙasashe suna tsoron in suka amsa sunan diyya to sun amsa laifi kenan, kotu za ta biyo baya. Sai a 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 1,700 a Pakistan ta yi ɓarnar wajen dala biliyan 30, ita ce kuma shekarar da ruwa ya kashe sama da mutum 600 a Najeriya ya raba fiye da miliyan 1 da gidajensu, mutanen Jigawa ba za su manta ba, sannan aka amince a Sharm el-Sheikh ta Masar a kafa asusu. A Dubai a 2023 aka buɗe shi, alkawuran farko suka tsaya a wajen dala miliyan 700. Miliyan fa, ba biliyan ba. Daular Larabawa ta sa miliyan 100, Jamus miliyan 100, Amurka miliyan 17.5. Ka gwada wannan da ɓarnar Pakistan ta damina ɗaya ka gani. Asusun yana nan, ɗan Senegal ne ma ke shugabantarsa, Ibrahima Cheikh Diong, amma abin da ke ciki ba zai sake gina Maiduguri kaɗai yadda ya kamata ba bayan ɓallewar dam ɗin Alau a Satumbar 2024, balle a haɗa da Damagaram inda ruwan wancan watan ya rushe tsohon masallacin Birni, ko Mokwa a 2025.

A Baku ta Azabaijan a 2024 aka zauna don sa sabon adadi. Ƙasashe masu tasowa suka ce buƙatar ta kai tiriliyan 1.3 a shekara, kuma ba da ka suka faɗa ba, masana tattalin arziki da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa aikin sun kawo adadi makamancin haka. Aka yi ta ja har ƙananan tsibirai da ƙasashe mafi talauci suka fice daga ɗakin na ɗan lokaci, daga ƙarshe cikin dare aka buga guduma a kan biliyan 300 zuwa 2035, ita kuma tiriliyan 1.3 aka bar ta a matsayin kira ga kowa da kowa har da 'yan kasuwa. Wakiliyar Indiya ta tashi ta ƙi amincewa, ta Najeriya ma ta yi tir da adadin a bainar jama'a. In ka cire faɗuwar darajar kuɗi daga 2009 zuwa 2035, ninkin ukun da ake taƙama da shi ya ragu sosai. Bayan wata biyu Trump ya dawo mulki ya sake sa hannu kan fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris ta 2015 kan rage ɗumamar duniya, karo na biyu kenan, ya janye daga hukumar asusun asara, ya kuma janye daga shirin dala biliyan 8.5 da aka yi wa Afirka ta Kudu alkawari a 2021 don ta rage dogaro da kwal. A taron Belem na Brazil a 2025 gwamnatin Amurka ba ta ma tura tawaga ba, abin da aka samo mana a can shine kira da a ninka kuɗin daidaita rayuwa sau 3 zuwa 2035.

Akwai wata gardama da Turawa ke kawowa wadda gaskiya ba a banza take ba. Suna cewa jerin masu biya tun 1992 aka yi shi, lokacin China ba ta zama abin da ta zama ba, yau ita ce ke fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na hayaƙin duniya, ga Saudiyya da Qatar da kuɗin mai, duk suna zaune a layin masu tasowa. Na yarda ya kamata su sa hannu a aljihu. Abin da ban yarda da shi ba shine a mai da wannan hujjar ƙin biyan tsohon alkawari. Kuma a yi wa China adalci ta wani gefen, arahar da farantin sola ya yi, wanda farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 cikin shekara 10, har mai noman rani a fadama ya fara ajiye injin fetur yana jan ruwa da rana, yawanci daga masana'antunta ne.

Yanzu ga inda kuɗin ke maƙalewa ko da an sake shi. Babban asusun yanayi da aka kafa a 2010, wanda hedikwatarsa ke Koriya ta Kudu, ba ya ba ƙauye ko ƙaramar hukuma kuɗi kai tsaye. Sai ta hannun cibiyar da ya tantance, kuma tantancewar kaɗai tana iya cin shekaru, shi ya sa yawancin kuɗin ta hannun Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan bankuna yake bi. Sannan takardar neman aikin sai ka kawo hujjar kimiyya cewa matsalar garinku sauyin yanayi ne ya jawo ta, ba talauci ko rashin gyara ba, da alƙaluman ruwan sama na shekara 30, a yankin da na'urar auna ruwan ta lalace tun tuni ba a sake ta ba. Na taɓa zama cikin wani kwamiti muka shekara biyu muna kai takarda ana maido mana da gyara, duk don aikin da manoman wurin sun gaya mana abin da suke so a zama ɗaya ƙarƙashin tsamiya: a toshe musu kwazazzabon da ke cin gona, a ba su iri mai kwana 70. Kafin a amince, kwazazzabon ya ci hanyar kasuwa. Kuɗin da aka biya ƙwararrun da aka ɗauko daga waje su rubuta takardar da ya isa a toshe rabinsa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma tsarin an gina shi ne a kan rashin yarda da mai ɗakin.

Kuma kada in ɗora komai a kan Turawa, don ba gaskiya ba ne. Ba duk ambaliya ce laifin hayaƙin wasu ba. Mu muke sayar da filaye a kan hanyar ruwa, mu muke cika kwata da leda, dam ɗin Alau an daɗe ana kukan yana buƙatar gyara, dam ɗin Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don ya tare ruwan da Kamaru ke saki daga Lagdo tun shekarun 1980 ake maganarsa har yau babu shi. Akwai asusun muhalli da ake cirewa daga kuɗin tarayya ana raba wa jihohi da ƙananan hukumomi, ka tambayi mutum 10 a garinku me aka yi da kason bara. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, Buhari ya yi alkawari a taron COP na Glasgow cewa zuwa 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa daga sama ba, amma har yau ana ƙona gas a banza a Neja Delta alhali matan arewa na girki da icen da ake saro wa daga dajin da ya rage. In muka je taro da tawagar ɗaruruwan mutane alhali waɗanda suka iya zama a ɗakin ciniki su karanta sakin layi su gane tarkon da ke ciki ba su fi a ƙirga da yatsa ba, to zargin da kake yi na yawon kashe kuɗi yana da tushe.

Shirin ganuwar bishiyoyi ya isa misali. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wajen kilomita 8,000, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 zuwa 2030. Rahoton 2020 ya nuna abin da aka yi a ainihin zirin bai wuce hekta miliyan 4 ba. A 2021 aka tara alkawarin sama da dala biliyan 14 a Paris, sakin kuɗin kuma yana tafiyar hawainiya. Duk wanda ya yi aikin nan ya san dashen da ake yi ranar biki a ɗauki hoto, ba mai ban ruwa ba mai tsare shi daga awaki, kafin bazara ya bushe. Ka gwada da abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980. Maimakon dasa sabo, sai suka daina sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture in suna sassabe, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su gyara su bar su su tashi, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar, amma abin da ya sa ta kama shine manomi ya samu tabbacin bishiyar gonarsa tasa ce, ba ta ma'aikacin gandun daji ba. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da bishiya wajen miliyan 200, da kuɗi ƙalilan. Ga kuma tassa da rabin wata, ƙananan ramuka masu tare ruwan sama, da mutanen Tawa ke haƙawa a kan fako su maido shi gona. Ba ina cewa don haka a bar wa ƙasashe masu arziki kuɗinsu ba, a'a, gawo ba zai gina dam ba, ba zai kafa tashar hasashen yanayi ba. Cewa nake da a ce kashi 10 cikin 100 na abin da ake kashewa a otal da rahoto ya sauka hannun irin waɗannan mutane, da an ga aiki.

To a daina zuwa taron kenan? Ni ban goyi bayan haka ba ko kaɗan. Yana cikin 'yan wuraren da a ƙa'ida ba a yanke hukunci sai da yardar kowa, inda Nijar ko Gambiya za ta iya ɗaga hannu ta tsayar da zance, abin da ba za ta iya ba a Bankin Duniya ko IMF inda ƙuri'a gwargwadon jarinka ce. Asusun asarar nan duk ƙanƙantarsa ba don Allah aka ba da shi ba, sai da ƙasashe masu tasowa sama da 130 suka tsaya wuri ɗaya suka ƙi motsi. Kafin yarjejeniyar Paris hasashe na nuna duniya na tafiya wajen ƙarin zafi na digiri 4 ko kusa da haka zuwa ƙarshen ƙarnin nan, yanzu ana maganar ƙasa da 3, har yanzu bala'i ne ga mai zama a Sakkwato ko Agadas, amma bambancin rayuka ne masu yawa. Kuma an taɓa yin irin wannan haɗin kai ya yi aiki, yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan sinadaran firij da ke huda rufin ozon mai kare mu daga hasken rana mai cutarwa, an kafa asusu na musamman masu arziki suka zuba, aka biya wa ƙasashe matalauta kuɗin sauya fasaha, yau rufin yana warkewa. A Yulin 2025 ma kotun duniya da ke Hague ta ba da fatawa, bisa ƙoƙarin Vanuatu ɗin nan dai, cewa kare yanayi wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa, kuma ƙasar da ta yi sakaci ana iya neman diyya a wajenta. Fatawa ce, ba ta tilasta kowa biya gobe, amma ta ba lauyoyinmu abin riƙewa. An kuma tsayar cewa taron 2027 a Adis Ababa za a yi shi.

Abin da Afirka ya kamata ta fi matsawa a kai a ganina ba ƙaton adadi ba ne, tsadar bashi ce. Mai kafa tashar sola a Jamus yana samun rance da ruwa kaɗan, mai kafa irinta a Katsina inda rana ta fi yawa sai ya biya ninki biyu ko uku, shi ya sa nahiyar da ta fi kowa rana ke samun wajen kashi 2 cikin 100 na jarin makamashi mai tsafta. Ƙasashe da dama a nan abin da suke biya na ruwan bashi ya fi abin da suke kashewa a lafiya. Firayim ministar Barbados, Mia Mottley, ta kawo shawara mai ma'ana, cewa a sa sharaɗi a takardar bashi, in bala'i ya afka wa ƙasa a dakatar da biya na wani lokaci ta samu ta numfasa, kuma Bankin Duniya ya fara amincewa da hakan ga ƙananan ƙasashe. Irin wannan ya fi mana amfani da wani sabon alkawarin biliyoyi.

Kai kuma a garinku, akwai kuɗi ɗaya da ya riga ya sauka wanda kana da ikon bin sawunsa. Shirin ACReSAL, dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, an amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja, don gyaran ƙasar da ta lalace da zaizaya da ruwan noma. Rance ne mai sauƙin ruwa, amma rance ne, ni da kai da 'ya'yanmu za mu biya. Kowace jiha tana da ofishinsa. Ku haɗu ku biyar ko goma daga ƙungiyar manomanku, ku tafi da mai unguwa ko wakilin hakimi, ku nemi a nuna muku jerin wuraren da aka zaɓa a ƙaramar hukumarku, nawa aka ware wa kowanne, wa aka ba kwangila, yaushe za a gama. Ayyukan Bankin Duniya dole ne su kasance da hanyar karɓar koke, ku tambayi jami'in da ke riƙe da ita, ku rubuta naku a takarda, ku sa a buga muku hatimi a kan kwafinku kafin ku fito.